ALHARIRI NA BASRA, MAI MUƘAMA

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malamin ilmi a ƙasar nan, ko da bai yi nisa cikin karatu ba, da wuya a ce bai ji sunan Muƙama ba. Ba littafin farawa ba ne. Sai almajiri ya sauke Alƙur'ani, ya ratsa Ahalari da Ishmawi da Risala, ya taɓa nahawu, sa'an nan malam ya kan yarda ya buɗe masa shi don ya sha lugga. Waɗansunmu tun muna riƙe da allo mun sha ganin manyan ɗalibai sun kewaye malam da hantsi, ana jan baƙi yana fassara musu kalma kalma. Can sai mu ga dattijon da ba mu taɓa ganin haƙorinsa ba ya yi murmushi, ɗalibai kuma suna ƙunshe dariya. Abin ya kan ɗaure mana kai, gama mu a lokacin nan ba mu zaci akwai abin dariya cikin littafin Larabci ba. Sai da muka girma muka ji ashe wani tsoho ne a cikin littafin, wai shi Abu Zaidu mutumin Saruja, ya sake yi wa wani alƙali wayo.

To, sunan Abu Zaidu ya gama ƙasa, amma mutumin da ya ƙaga shi kaɗan ne suka san labarinsa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo wa 'yan'uwa da malamanmu tarihinsa a taƙaice, mu kuma duba yadda ya siffanta mai wayo, domin akwai abin lura a ciki ga wanda za a danƙa wa yara.

Asalinsa da zamaninsa

Sunansa Alƙasimu ɗan Aliyu ɗan Muhammadu ɗan Usmanu, alkunyarsa Abu Muhammadu. Laƙabin nan Alhariri daga alharini ya fito, watau ana danganta shi da sana'ar alharini ko cinikinsa. An haife shi cikin shekara ta 446 ta Hijira, daidai da 1054, a ƙasar Basra cikin Iraƙi. Gidansu na da dukiya a wani ƙauye da a ke kira Mashan, kusa da birnin, har masu tarihi sun ce yana da itacen dabino 18,000 a can. Zamansa kuwa a cikin Basra ne, a unguwar Banu Haram. Kada sunan ya ruɗe mu, ba haram kishiyar halal ba ce, sunan wata kabila ce ta Larabawa da ta sauka a wurin.

Basra ba ƙaramin gari ba ne ga sha'anin Larabci. Nan Halilu ɗan Ahmadu ya tsara ma'aunin waƙa, nan almajirinsa Sibawaihi ya yi karatun da ya haifi babban littafinsa na nahawu, nan Hasanul Basri ya yi wa'azi, nan Jahizu ya yi rubutu. Amma sa'ad da aka haifi Alhariri duk waɗannan sun daɗe da shuɗewa, garin kuma ya ja da baya. Yana da shekara guda a duniya Turkawan Saljuƙu suka shiga Bagadaza, cikin 1055. Daga nan Halifa ya zama da suna, iko kuwa yana hannun Sultan. Larabcin kasuwa ya yi nisa da na littafi, har manyan ma'aikata da malamai su kan yi tuntuɓe cikin magana.

Cikin wannan hali yaron ya tashi, ya karanta nahawu da lugga wurin Alfadalu Alƙasabani, ya kuma karanta fiƙihu bisa mazhabar Shafi'i. Kishin harshe ya kama shi tun da wuri. Ya wallafa wani littafi, Durratul Gawwas, inda ya bi kurakuran da masu ilmi ke yi cikin magana da rubutu, ya gyara su ɗai ɗai. Ya kuma tsara nahawu cikin waƙa mai baiti fiye da 350 don yara su hardace, ita ce Mulhatul I'irab, wadda malamanmu ke kira Mulha. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya lissafa ta cikin littattafan da ya karanta wurin wansa Shehu Usmanu.

Ban da karatu yana riƙe da wani aikin hukuma, shi ne sahibul habar na Basra. Aikinsa ya tattara labarin abin da ke gudana a gari ya aika fadar Bagadaza. Watau mutum ne da abincinsa ya ke ga sauraron maganar mutane, ya san ta malami, ya san ta ɗan kasuwa, ya san ta mai bara a ƙofar masallaci. Kamanninsa kuwa, masu tarihi ba su rufa masa asiri ba. Sun ce Allah bai ba shi kyaun fuska ba, ba ya kula da ado, yana kuma da wata al'ada, in ya shiga tunani sai ya yi ta tsigar gemunsa.

Yadda aka fara Muƙama

Ba Alhariri ne ya fara irin wannan littafi ba, shi ma da kansa ya faɗi haka a gabatarwarsa. Wanda ya share hanya shi ne Badi'uz Zamani na Hamazan a ƙasar Farisa, wanda aka haifa cikin 969, ya rasu a Hirata cikin 1008. Wannan mutum ne mai kaifin harda da saurin baki, ya yi ta yawo daga fada zuwa fada yana ci da fasaharsa. Shi ya ƙago gajerun labaru cikin saja'i, watau magana mai ƙafiya wadda ba waƙa ba, ya sa mutum biyu a ciki, mai ba da labari Isa ɗan Hishamu, da mai wayo Abul Fatahi mutumin Iskandariya. Ya kira kowane labari muƙama, ma'anarta wurin tsayawa, inda mutum ke miƙewa cikin taro ya yi magana.

Yadda Alhariri ya shiga wannan fage kuwa, ɗansa Abdullahi ne ya ba da labari. Ya ce wata rana uban na zaune a masallacin Banu Haram, sai ga wani tsoho ya shigo cikin tsumma, ƙurar tafiya duk a jikinsa, amma da ya buɗe baki sai kowa ya yi tsit don daɗin Larabcinsa. Aka tambaye shi garinsu ya ce Saruja, aka tambayi alkunyarsa ya ce Abu Zaidu. A wata ruwaya an ƙara da cewa ya roƙi jama'a su taimake shi ya fanso 'yarsa daga hannun Rumawa. Da dare ya yi, Alhariri ya ba abokansa labari, sai kowannensu ya ce ai shi ma ya ga tsohon nan a masallacin unguwarsu, amma cikin wata shiga dabam, da wata magana dabam. Abin ya tsaya masa a rai, ya ɗauki alƙalami ya rubuta muƙamar da a ke kira Haramiyya, wadda daga baya ta zama ta 48 cikin jerin. Waɗansu kuma sun ce a'a, wani almajirinsa ne mai suna Muɗahharu ɗan Sallaru ya duba ya zana Abu Zaidu.

Ko wace ce ta inganta, Saruja dai gari ne na gaske. Yana kusa da birnin Ruha, a kudancin ƙasar Turkiyya ta yanzu. Mayaƙan Turai da suka zo yaƙin ƙwace Baitul Muƙaddas, suka ci shi cikin 1099, su ne suka auka wa Saruja cikin 1101, suka kashe mutane, suka kama waɗansu, saura suka watsu. Saboda haka in tsoho ya tsaya a masallacin Basra a shekarun nan ya ce Saruja ta ci wuta, ba wanda zai yi musu. Labarin muƙamar ya kai kunnen wani babban mutum na fada, Anushirwana ɗan Halidu, wanda ya yi wazirci, aka ce shi ya ƙarfafa masa gwiwa ya ƙara waɗansu, har suka yi yawa.

Abu Zaidu da Harisu

Tsarin littafin ba shi da wuyar ganewa. Akwai wani matafiyi, Harisu ɗan Hammamu, mai abin hannu, mai son jin magana mai daɗi. Duk garin da ya sauka sai ya tarar da taro an kewaye wani mutum da ya ƙware da magana, ana zuba masa kuɗi. Sai bayan taro ya watse Harisu ya duba da kyau ya ga ashe Abu Zaidu ne ya sake kama. Ya zarge shi, shi kuwa ya ba da hanzari cikin waƙa, ya kaɗa rigarsa ya yi gaba. Haka a ke yi har sau 50, daga Yaman zuwa Samarƙandu, daga Iskandariya zuwa Tabriza.

A San'a mai wa'azi ne, ya tsoratad da mutane game da son duniya har suka yi kuka. Harisu ya bi shi a ɓoye zuwa wani kogo, ya same shi gaban gurasa mai laushi da gasasshen ɗan akuya da tulun giyar dabino. A wani wuri gurgu ne, aka nuna masa dinari aka ce in ya yabe shi da waƙa nasa ne, ya yabe shi ya karɓe. Aka fito da na biyu aka ce ya kushe shi, nan take ya kushe shi da waƙar da ba ta kasa ta fari ba, ya haɗa biyun ya sa a baki. A Barƙa'ida makaho ne, wata tsohuwa na ja masa gora ranar Idi. A Bagadaza shi ne ma tsohuwar, cikin lulluɓi, da 'yan yara a bayanta. A Iskandariya matarsa ta kai shi ƙara, ta ce ya aure ta bisa cewa shi mai shirya lu'ulu'u ne, ga shi ba ya kawo ko ƙwaya. Ya gaya wa alƙali ai bai yi ƙarya ba, lu'ulu'unsa kalmomi ne, kasuwarsu ce ta faɗi. A hanyar Madina mufti ne, aka yi masa tambaya 100 ta fiƙihu, ya ba da amsoshin da in ka ji su da farko sai ka ce ya saɓa shari'a, sai ka san ma'ana ta biyu ta kalmar ka ga ya yi daidai.

Cikin waɗannan labaru Alhariri ya zuba duk abin da ya sani na harshe. Akwai huɗubar da babu harafi mai ɗigo ko ɗaya a cikinta. Akwai wasiƙar da kalma guda duk haruffanta da ɗigo, mai bi mata babu, haka har ƙarshe. Akwai maganar da in ka karanta daga dama ko daga hagu duk ɗaya ce. Dalilin da ya sa malamanmu suka riƙe littafin ke nan, don wanda ya ƙware a Muƙama ba sauran baƙuwar kalma da za ta tsorata shi.

Jarrabawar Bagadaza

Ga wani abu da ya faru, wanda ya nuna bambancin mai littafi da mutumin da ya ƙaga. An ce sa'ad da muƙamomi suka kai 40, Alhariri ya ɗauke su ya tafi Bagadaza. Mahassada suka ce ba aikinsa ba ne, na wani mutumin Magariba ne da ya mutu a Basra, takardunsa suka faɗa hannunsa. Waziri ya kira shi fada, ya ba shi wani al'amari ya ce ya rubuta wasiƙa a kansa nan take. Alhariri ya ɗauki tawada da takarda ya koma gefe, ya zauna, ya daɗe, yana ta tsigar gemu, ko layi bai zo masa ba. Ya tashi cikin kunya. Wani mawaƙi, Ibnu Aflaha, har ya yi masa zambo a kan gemun nan. Da ya koma gida hankalinsa ya kwanta, ya rubuta 10 ya aika da su, ya ce kwarjinin fada ne ya ɗaure masa harshe. Da haka suka cika 50.

Jama'a, ku dubi wannan al'amari. Mai gonar dabino, mai albashin hukuma, wanda bai rabu da garinsu ba sai don gajeruwar tafiya, wanda in an tsare shi gaban manya ba ya iya haɗa jimla, shi ne ya ƙagi mutumin da ba shi da gida, ba shi da ko anini, wanda in an tashe shi daga barci zai yi huɗuba. Waƙar da Abu Zaidu ke yi kafin a ƙifta ido, Allah kaɗai ya san dare nawa Alhariri ya kwana a kanta. Saurin mai wayo na cikin littafi, ashe haƙurin marubuci ne ya saya masa shi.

Ƙarshen abin dai gaskiya ta yi halinta. Cikin shekara ta 504, watau 1111, aka zauna a Bagadaza aka karanta littafin duka a gabansa, manyan malamai na saurare, ya sa hannu ya ba da izini. Kofen nan mai shaidar hannunsa yana ajiye a ɗakin littattafai na Alƙahira. An ce kafin ya rasu ya ba da izini a kan kofe 700.

Yadda a ke siffanta mai wayo

In muka ajiye Abu Zaidu kusa da Gizo na tatsuniyoyinmu, da Dila malamin daji, za mu ga masu ƙaga labari hanya guda su kan bi. Da fari su kan raba mai wayo da ƙarfi. Gizo ba ya iya kokawa da Giwa, Abu Zaidu ba shi da doki, ba takobi, ba dangi a kusa. In da yana da ƙarfi ya yi abin da ya ke yi, da azzalumi za mu kira shi. Rashin ƙarfin nan shi ke sa mai sauraro ya koma bayansa ba da ya sani ba.

Na biyu, ba ya shiga sai inda aka bar masa ƙofa. Kowane wanda ya cuta, akwai wata lalura tasa da ta ba da hanya, ko kwaɗayi, ko tsoro, ko son a yabe shi. A Zabida Harisu na neman bawa, ya samu wani yaro kyakkyawa da araha. Yaron ya gaya masa a fili cewa shi Yusufu ne, watau ɗa ne a ke sayarwa bisa zalunci kamar yadda aka yi wa Annabi Yusufu, amma murnar araha ta toshe wa Harisu kunne. Da aka je gaban alƙali aka tabbatar yaron ɗan Abu Zaidu ne, kuɗi kuwa sun tafi. Mai wayo madubi ne, kowa ya duba shi aibin kansa ya ke gani.

Na uku, riga ya ke sakewa, ba hali ba. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, Abu Zaidu kuwa ba kiɗan da bai iya rawarsa ba. Amma duk shigar da ya yi, harshensa ne ke tona shi. Harisu kuma, ko da ya ke an cuce shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, in ya ji labarin tsohon sai ya bi shi, don ba ya iya haƙura da daɗin bakinsa. Harisu ba kowa ba ne, mu ne masu karatu. Mun san za a yi ƙarya, muna kuwa ɗokin a yi ta.

Na huɗu shi ne mai nauyi. Maganar Abu Zaidu sau da yawa gaskiya ce, shi ne dai maƙaryaci. Wa'azin da ya yi a maƙabartar Sawa a kan mutuwa da hisabi ba malamin da zai ce akwai kuskure a ciki, wanda ya ji ya tuba kuwa ya amfana, ko da ya ke mai wa'azin bara ya fito. Nan Alhariri ya bar mana tambayar da ba ta tsufa, wai ilmi da fasaha su kan gyara mai su, ko kuwa kayan aiki ne kawai, kamar wuƙa, wadda ke yanka wa mahauci nama, ta kuma yanka wa ɓarawo jaka.

Ba kowa ne ya yarda da littafin ba. Ibnu Ɗiƙɗaƙa, wanda ya rubuta Alfahari a Mausil wajen 1302, ya ce ban da koyon rubutu Muƙama na ƙasƙantad da himmar yaro, gama an gina ta bisa roƙo da dabarun cin abin mutane. Mai wannan ra'ayi yana da abin kamawa, don a muƙama ta 49 Abu Zaidu ya yi wa ɗansa wasiyya, ya auna sarauta da fatauci da noma da sana'ar hannu, ya kushe su duka, ya ce ba abin da ya fi bara. A Wasiɗu ma har ya sa wa mutane banju cikin alewa ya kwashe kayansu. Alhariri ya san za a yi wannan suka, ya riga ya ba da amsa a gabatarwa. Ya ce labarunsa kamar tatsuniyoyin dabbobi ne da masu hankali suka ƙaga don koyarwa, ba wanda ya taɓa ɗaukar mai su maƙaryaci, ayyuka kuwa da niyya a ke auna su.

Amma babbar amsarsa tana cikin yadda ya rufe littafin. Mai wayon Badi'uz Zamani bai tuba ba, Gizo ma ba ya tuba, yau a yi ƙurunƙus gobe ya sake sabuwar ɓarna. Abu Zaidu kuwa tun farko akwai miki a zuciyarsa, in ya ambaci Saruja sai hawaye. Wannan kaɗai ne ba ya yin ƙarya a kansa. A muƙama ta 50 ya tsaya a babban masallacin Basra, ya yabi garin, ya lissafa laifofinsa, bai roƙi kuɗi ba, sai addu'a. Bayan an daɗe matafiya suka gaya wa Harisu sun gan shi a Saruja bayan abokan gaba sun fita, ya sa rigar ulu, yana limanci. Harisu ya tafi ya same shi yana kwana salla da kuka, suka yi sallamar da ba su sake saduwa ba. Watau mutumin da ya iya zama da kowa a ko'ina, bai sami natsuwa ba sai da ya koma gida ya zama mutum ɗaya. Abin tausayi, a zahiri Saruja ba ta komo hannun Musulmi ba sai cikin 1145, zamanin Imaduddini Zanki, shekara 20 da 'yan kai bayan rasuwar Alhariri. Ya ba tsohonsa cikin littafi abin da duniya ba ta ba mutanen Saruja ba tukuna.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Alhariri ya rasu a Basra cikin watan Rajab na 516, daidai da 1122, yana da shekara wajen 70 bisa lissafin wata. Ya bar 'ya'ya maza biyu, ɗayansu ya yi alƙalancin Basra. Littafin kuwa ya yi tafiyar da ta fi ta Abu Zaidu. Ibnul Hashshabi na Bagadaza ya bi shi da gyara, Ibnu Barri na Masar ya tashi ya kāre shi. Sharishi na Andalus, wanda ya rasu cikin 1222, ya yi masa sharhin da har yau a ke dogara da shi. Cikin 1237 wani mai zane, Yahaya Alwasiɗi, ya kwafe shi ya ƙawata da surori, kofen yana Faris ta Faransa. Wani malamin Yahudawa na Andalus, Alharizi, ya juya shi da Ibrananci. Cikin 1822 De Sacy ya buga shi a Faris, Rückert ya juya shi da Jamusanci, Chenery ya fitad da 26 na farko da Ingilishi cikin 1867, Steingass ya cika saura cikin 1898.

Ƙasar Hausa ma ba karatu kaɗai ta yi ba, ta haifi nata. Sa'ad da aka yi gasar ƙaga labari ta 1933 a Zariya, Abubakar Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke haɗuwa gari gari suna rama wa juna tsiya. Shi da bakinsa daga baya ya faɗi cewa Abu Zaidu da Harisu ya duba, ya mai da su malaman Hausa biyu. Duk wanda ya yi dariya da Ruwan Bagaja, ya sani akwai ɗan rabon mutumin Basra a ciki.

Saura muƙama guda da muka ajiye don kanmu, ita ce ta 46. Harisu ya baro Halab ya biya ta Himsa, ya tarad da wani tsohon malamin makaranta da yara 10. Malam ya riƙa kiransu ɗai ɗai, wannan ya kawo baitoci marasa ɗigo, wancan masu ɗigo duka, wani ya rarrabe kalmomin sinun da na sadi, baƙo ya saki baki don mamaki. Malamin nan Abu Zaidu ne. Ya gaya wa Harisu koyarwa ita ce mafi ɗaukakar sana'a, mai ita kamar sarki ya ke cikin talakawa masu biyayya, illa dai ba ta daɗewa sai ta taɓa masa hankali.

Mun yi dariya da muka karanta, daga baya jikinmu ya yi sanyi. Ba da daɗewa ba kowannenmu zai tsaya gaban aji. Ba abin da ya fi sauƙi kamar a zaɓi yara masu harda, a cusa musu amsoshi, ranar da mai duba makarantu ya zo su zuba kamar ruwa, a yaba wa malam, alhali na bayan aji ko sunansu ba su iya rubutawa ba. Wanda ya yi haka ya zama Abu Zaidu, ba tare da uzurin Saruja ba. Ba mu ce malami ya ƙi dabara ba. Tilas ne ya san yadda zai yi magana da yaro, da uban yaro, da mai gari, da na gaba da shi, kowa bisa gwargwadonsa. Wannan sassauci ne, abin so ne. Amma in maganar da ya ke yi wa wannan ta ƙaryata wadda ya ke yi wa wancan, to, ya tashi daga sassauci ya shiga fuska biyu. Saboda haka in za mu yi koyi, mu ɗauki kunnen Abu Zaidu da sanin halin mutane, mu haɗa da haƙurin Alhariri, wanda ya sha kunya a fada, ya koma gida ya zauna ya cika aikinsa.

Allah ya jiƙan Alhariri, ya gafarta masa, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu da wayon da ke cin mai shi. Amin.